Koyarwa Kai-tsaye ko Barin Ɗalibi Ya Gano da Kansa: Wace Hanya Malami Zai Bi?

Malamin da ya zauna shirya darasin gobe yana da shawara guda da zai yanke tun kafin ya rubuta komai, ko ya lura da ita ko bai lura ba. Shin zai fara da bayyana wa ɗalibai abin da yake son su sani, ya nuna musu yadda ake yinsa daki-daki, ko kuwa zai ajiye musu matsala a gabansu ya bar su su lalubo hanya da kansu? Ta farko ita ce koyarwa kai-tsaye, ta biyu kuma ita ce koyo ta hanyar ganowa, wasu su ce ta hanyar bincike. Masana halayyar koyo sun shafe fiye da shekara sittin suna jayayya a kan waɗannan hanyoyi biyu, kuma alherin wannan jayayya shi ne ta haifar da gwaje-gwaje masu yawa, waɗanda malami zai iya dogara da su maimakon ya bi abin da ya fi daɗin ji a kunne.

Kafin a kwatanta su, wajibi ne a wanke koyarwa kai-tsaye daga wani abu da ake yawan jingina mata. Malamin da ya shiga aji ya yi minti arba'in yana magana shi kaɗai, ko ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa, sannan ya fita, bai yi koyarwa kai-tsaye ba a ma'anar da masana suke nufi. Barak Rosenshine, wanda ya daɗe yana nazarin abin da malamai masu nasara suke yi a cikin aji, ya tattara sakamakon wannan nazari cikin ƙa'idoji goma a shekarar 2012. A wurinsa darasi yana buɗewa da gajeren bitar abin da ya gabata, sannan a kawo sabon abu kaɗan-kaɗan, a yi aiki a kan kowane mataki kafin a wuce gaba, malami ya warware misali a gaban ɗalibai yana faɗin tunaninsa a fili, ya yi tambayoyi masu yawa, ya duba amsar kowa ba ta masu ɗaga hannu kaɗai ba, sai ya tabbatar sun kama sannan ya sake su su yi aiki su kaɗai. Ya kuma ce ya kamata a riƙa samun kusan kashi 80 cikin ɗari na amsoshi daidai a lokacin aikin da ake yi tare da malami, domin ƙasa da haka alama ce ta cewa an yi gaggawa, sama da haka sosai kuma aikin ya yi musu sauƙi. Ajin da ake bin wannan tsari cike yake da muryoyin ɗalibai, amma malami ne yake riƙe da akalar.

Hanyar ganowa kuwa tana da manyan iyaye. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896 a kan ra'ayin cewa yaro yana koyo ne ta hanyar yi da hannunsa. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya nuna cewa yaro ba tulu ba ne da ake ɗura wa ilimi, shi da kansa yake gina fahimtarsa a kan abin da ya riga ya sani, har ya kai ga cewa duk lokacin da aka yi gaggawar koya wa yaro abin da zai iya ganowa da kansa, an hana shi ƙirƙirarsa, don haka an hana shi cikakkiyar fahimtarsa. Jerome Bruner ne ya ba wa hanyar sunanta da ƙarfinta a wata maƙala da ya wallafa a 1961. Hujjarsu mai jan hankali ce: abin da mutum ya sha wahala ya gano ya fi zama a zuciyarsa, ya fi iya amfani da shi a sabon wuri, kuma yana koyon yadda ake neman ilimi, wanda ya fi kowane darasi guda daraja. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, kuma babu malamin da ya taɓa ganin hasken fuskar yaro lokacin da ya gano wani abu da kansa da zai raina wannan hujja.

Inda hanyoyin biyu suka rabu da gaske shi ne a kan yadda ƙwaƙwalwa take karɓar sabon abu, kuma nan ne ya dace a daɗe. Masana sun bambanta ma'ajiya biyu. Akwai ta wucin gadi, wato wurin da muke riƙe abin da muke tunani a kansa a yanzu, akwai kuma ta dindindin, inda duk abin da muka riga muka sani yake zaune. Ta dindindin tana da faɗi ƙwarai, amma ta wucin gadi ƙunci gare ta. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa tana ɗaukar abubuwa kusan bakwai a lokaci guda, daga baya Nelson Cowan ya rage adadin zuwa kusan huɗu a 2001. Abin da yake ceton mu daga wannan ƙunci shi ne ilimin da ya riga ya zauna. Ga wanda ya iya karatu, kalmar "makaranta" abu ɗaya ce tak, yana ganinta ya wuce. Ga yaron da yake fara haɗa baƙi da wasali kuwa, haruffa tara ne, kuma kafin ya kai na ƙarshe na farkon ya kuɓuce masa. William Chase da Herbert Simon sun nuna irin wannan a 1973 da 'yan wasan dara ta Turawa: gwanaye suna tuna wurin da 'ya'yan wasan suke bayan kallo na 'yan daƙiƙoƙi, amma idan aka watsa 'ya'yan barkatai ba bisa tsarin wasa ba, fifikon nasu yana kusan ɓacewa. Ashe abin da suka fi wasu da shi tarin siffofin wasa ne da suka sani tun tuni.

A kan wannan ne John Sweller na ƙasar Ostareliya ya gina ra'ayinsa na nauyin da ke kan ƙwaƙwalwa, wanda ya bayyana a 1988. Ya lura cewa ɗalibin da aka ba wa matsala alhali bai san hanyarta ba yana ƙarar da ɗan wurin da yake da shi wajen lalube: ya gwada nan, ya koma can, ya riƙe inda ya fito da inda zai je, har ba ya da sauran sarari na lura da ƙa'idar da ake son ya koya. Yana iya kai wa ga amsa ma, amma ya tashi bai san yadda aka yi ya kai ba. Tun a 1985 Sweller da Graham Cooper sun gwada wannan a darasin aljabara, inda suka ba wa wasu ɗalibai misalai da aka riga aka warware su nazarta, wasu kuma aka ba su matsalolin su warware da kansu. Masu nazarin misalan sun ɗauki lokaci kaɗan, kuma sun yi kuskure kaɗan lokacin da aka ba su matsaloli masu kama da waɗannan.

A ɗauki misalin haɗa rabi da sulusi, wato ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. Yaron da aka bari ya gano da kansa sau da yawa zai tara na sama ya tara na ƙasa, ya samu biyu bisa biyar, kuma zai gamsu da amsarsa domin ta bi tsarin tarawar da ya saba da shi. Ya gano wani abu, amma abin da ya gano kuskure ne, kuma kuskuren da mutum ya ƙirƙira da kansa yana da wuyar cirewa saboda dalilin nan da masu hanyar ganowa suke kafa hujja da shi, cewa abin da aka sha wahala a kansa ya fi zama. Malamin da ya zana da'ira ya raba ta gida shida, ya nuna cewa rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, jimilla biyar bisa shida, sannan ya tambayi ɗalibai ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu a samu biyu bisa biyar alhali biyu bisa biyar bai kai rabi ba, ya sa su tunani mai zurfi ba tare da ya bar su cikin duhu ba. Wannan ya nuna cewa gina fahimta da Piaget yake magana a kai aiki ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana iya faruwa yayin sauraren bayani mai kyau kamar yadda yake faruwa yayin aiki da hannu.

Gwaje-gwajen da aka yi a makarantu sun fi karkata ga wannan ɓangare. Mafi girma a cikinsu shi ne shirin Follow Through na ƙasar Amurka, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1960 domin yaran iyalai marasa galihu, daga ajin share fage zuwa aji uku na firamare. An gwada tsare-tsaren koyarwa daban-daban, kuma da aka fitar da sakamako a 1977, tsarin koyarwa kai-tsaye na Siegfried Engelmann da Wesley Becker ne ya zo kan gaba a karatu da lissafi na tushe, kuma ya yi fice har a ma'aunin yarda da kai, wanda wasu tsare-tsaren suka ɗauka a matsayin babban burinsu. An soki binciken, kuma sukar tana da tushe: ba ta hanyar ƙuri'a aka rarraba makarantun ba, sannan an sami bambanci mai yawa tsakanin makarantun da suke bin tsari iri ɗaya. Shi ya sa ƙananan gwaje-gwaje masu tsauri suke da muhimmanci. A 2004 David Klahr da Milena Nigam sun koya wa yara 'yan aji uku da huɗu yadda ake shirya gwajin kimiyya na adalci, wato a canza abu ɗaya kawai a bar sauran yadda suke, ta amfani da ƙwallo da gangara. Cikin waɗanda aka yi wa bayani kai-tsaye, kashi 77 cikin ɗari sun ƙware, cikin waɗanda aka bari su gano kuwa kashi 23 ne kawai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya: da aka ba su wani aiki na daban, na tantance ingancin gwaje-gwajen da wasu yara suka yi, waɗanda suka ƙware ta hanyar bayani ba su gaza waɗanda suka ƙware ta hanyar ganowa ba. Da'awar cewa ilimin da aka faɗa wa mutum ba ya tafiya da shi zuwa sabon wuri ba ta tabbata a nan ba.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ji rabin magana. Richard Mayer a 2004, da Paul Kirschner tare da Sweller da Richard Clark a 2006, sun yi kakkausar suka ga koyarwa marar jagora, amma abin da suka soka shi ne ganowa tsantsa, inda ake sakin ɗalibi babu taimako. A 2011 Louis Alfieri da abokan aikinsa sun tattara bincike 164 suka auna su tare, sai suka sami sakamako mai fuska biyu: ganowa marar taimako ta gaza koyarwa kai-tsaye, amma ganowa mai jagora, wadda malami yake ba da gyara a kan lokaci, ya kawo misalai, ya sa ɗalibi ya bayyana dalilinsa, ta fi sauran hanyoyin da aka kwatanta ta da su. Shi kansa Bruner, tare da David Wood da Gail Ross, ya kwatanta aikin mai koyarwa a 1976 da katakon da magina suke kafawa su taka, wanda ake cirewa sannu a hankali idan gini ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ya yi daidai da abin da Lev Vygotsky na Rasha ya faɗa tun kafin rasuwarsa a 1934, cewa koyo yana faruwa a tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi da taimakon wanda ya fi shi sani.

Akwai kuma wurare uku da bayani kai-tsaye yake da illa, kuma malami mai gaskiya ba zai kau da kai daga gare su ba. Na farko ya fito ne daga cikin masu goyon bayan hanyar. Slava Kalyuga da abokan aikinsa, ciki har da Sweller, sun nuna a 2003 cewa taimakon da yake amfanar sabon shiga yana zama kaya ga wanda ya riga ya iya. Ɗalibin da ya san hanyar warware matsala, idan aka tilasta masa bin misali daki-daki, yana ɓata ƙarfinsa wajen daidaita bayanin da abin da ke kansa, kuma ya fi ƙaruwa idan aka bar shi ya yi aikin da kansa. Na biyu ya shafi sha'awar bincike. A wani gwaji da Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta suka wallafa a 2011, an ba wa ƙananan yara wani abin wasa mai ayyuka huɗu a ɓoye. Yaran da babba ya nuna musu aiki ɗaya cikin sigar koyarwa sun fi tsayawa a kan wannan aikin, sun kuma gano kaɗan daga sauran, domin sun ɗauka cewa da akwai wani abin da an nuna musu. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne malami ya saba da faɗa wa ɗalibai cewa abin da ya nuna hanya ɗaya ce, kuma akwai saura.

Na ukun ya fi su wuyar sha'ani, domin yana taɓa jerin darasin kansa. Daniel Schwartz da John Bransford sun nuna a 1998 cewa bayani ya fi shiga idan ɗalibi ya riga ya yi fama da misalai masu bambanci har ya ji ƙishin amsa. Manu Kapur ya faɗaɗa wannan daga 2008, cikin ayyukan da ya yi da makarantun Indiya da Singafo, ya kira shi gazawa mai amfani. Ana ba wa ɗalibai matsalar da ba a koya musu ba, misali a ba su makin 'yan wasa na shekaru da dama a ce su ƙirƙiro hanyar auna wanda ya fi tsayuwa a kan maki iri ɗaya. Yawancinsu ba sa kai wa ga hanyar da masana lissafi suke bi, amma idan malami ya zo daga baya ya ɗora bayaninsa a kan ƙoƙarinsu, ya nuna inda kowace dabara ta yi kyau da inda ta gaza, sukan fi waɗanda aka fara yi wa bayani fahimtar dalilin ƙa'idar. A lura da sharuɗɗan: ɗaliban suna da ilimin da za su fara lalube da shi, an tsara matsalar da kulawa, lokacin faman yana da iyaka, kuma bayanin malami yana nan tafe, ba a soke shi ba.

Idan aka sauko daga ɗakin bincike zuwa aji, wasu abubuwa na zahiri suna ƙara nauyi a ma'auni. Ganowa mai jagora tana cin lokaci, tana buƙatar kayan aiki, kuma tana buƙatar malami ya san abin da kowane rukuni yake ciki domin ya kama kuskure kafin ya yi saiwa. A ajin da ɗalibai suka yi yawa wannan yana da wuya ƙwarai, kuma abin da yakan faru shi ne yaro ɗaya mai ƙoƙari ya yi aikin, sauran su kwafa. Wannan batu na adalci shi ne ya fi damuna a duk jayayyar. Yaron da ya zo da ilimi daga gida yana da abin da zai yi lalube da shi, wanda bai zo da komai ba kuwa sai ya zauna yana kallo, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙara faɗi, kuma a ƙarshe ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali ba a koya masa ba ne kawai. Ita ma koyarwa kai-tsaye tana da nata tarkon, domin cikin sauƙi take rikiɗewa ta koma lacca, ɗalibai su gyaɗa kai, malami ya ɗauka sun gane. Tana kuma buƙatar malami ya san darasinsa sosai har ya iya yanka shi ƙanana ya zaɓi misalan da suka dace.

Saboda haka tambayar da za ta raba gardama a kowane darasi ita ce: me waɗannan ɗalibai suka riga suka sani game da wannan abu? Idan sabo ne gare su, yana da matakai da yawa, ko kuwa abu ne da mutane suka yi ittifaƙi a kansa wanda babu yadda za a gano shi da tunani, kamar sautin haruffa, alamomin lissafi, ƙa'idojin rubutu da matakan kariya a ɗakin gwaji, to a koyar da shi kai-tsaye ba tare da jin kunya ba. Idan ɗalibai suna da tushe, kuma burin shi ne su fahimci dalilin wata ƙa'ida, ana iya buɗe darasi da gajeren fama da matsala, sannan bayani ya biyo baya a darasin nan ko wanda ke biye da shi. Idan kuwa sun ƙware har suna yin aikin babu tuntuɓe, ci gaba da yi musu bayani ɓata lokaci ne, sai a ba su bincike, aikin rukuni da matsaloli masu hanyoyi da yawa. A ganina, ga mafi yawan darussa da mafi yawan ɗalibai, musamman ƙanana da masu rauni, koyarwa kai-tsaye ce ta cancanci zama mafari, bincike kuma ya zama inda ake dosa.

Sauyawa daga wannan zuwa wancan ba a yinta dare ɗaya. David Pearson da Margaret Gallagher sun siffanta ta a 1983 da miƙa nauyi sannu a hankali: malami ya yi, a yi tare, sannan ɗalibi ya yi shi kaɗai. A darasin rabi da sulusi, wannan yana nufin misali na farko a warware shi gaba ɗaya, na biyu a bar matakin ƙarshe ɗalibi ya cika, na uku a bar matakai biyu, har a kai ga matsalar da babu komai a ƙarƙashinta sai farar takarda. Ma'aunin da zai gaya wa malami lokacin janye hannu shi ne amsoshin ɗalibai, don haka dole ne tambayar ta isa ga kowa, kuma a ba da lokacin tunani. Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya kawai bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo, ɗaliban da suka saba yin shiru su ma suna fara magana. Haka nan kada a yanke hukunci da abin da ɗalibi ya iya a ƙarshen darasin yau, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko. A sake yi musu tambayar bayan mako guda ba tare da sun buɗe littafi ba. Idan mafi yawansu sun amsa daidai kuma sun iya faɗin dalili, lokacin ba su matsalar da ba su taɓa gani ba ya yi, idan kuwa sun koma tara na sama da na ƙasa, sai malami ya koma allo ya sake zana da'irar.